Nomau Mai Kai Saƙon Rasuwa

Duk wanda ya kwana biyu a Gangara ya san Nomau, kuma duk wanda ya san shi ba ya fatan ganinsa a ƙofar gidansa da jaka a kafaɗa. Ba don mugun mutum ba ne. Aikinsa ne haka. In aka yi rasuwa a gari, kuma mamacin yana da ɗa ko ƙane can wata uwa duniya wurin ci-rani, Nomau ake tashi ya je ya faɗa masa. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki, har ranar da ni Jika, maƙwabcinsa, na kashe masa shi da bakina.

Darni ɗaya ya raba gidana da nasa. Kakata da ubansa taubasai ne, don haka tun ina ƙarami nake da izinin tsokanarsa, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. In na gan shi da safe sai in ce, "Ɗan aiken Azara'ilu, yau gidan wa?" Shi kuma ya ce, "Naka nake jira, ɗan nema. Shi kaɗai zan faɗa a tsakiyar kasuwa, don mutane su samu abin murna." Gajeren mutum ne, baƙi, siriri, ƙafafunsa kamar muciya, ga tafiya ba sauri ba tsayawa. Gonarsa ƙarama ce, matarsa ta riga shi, ɗiyansa mata duk suna gidajen aure.

Yadda ya faɗa cikin aikin, shi da kansa ya ba ni labari. Yana saurayi ya tafi dako Katsina. Wata rana yana ɗauke da buhun gyaɗa a ka, wani ɗan garinmu ya leƙo ta tagar mota ya ƙwala masa kira, "Nomau! Ubanka ya mutu tun shekaranjiya!" Motar ba ta ko tsaya ba. Ya ce bai san inda ya yar da buhun ba, sai dai ya tsinci kansa a bayan gari, ba takalmi. Da ya dawo gida ya yi wa kansa alkawari, muddin yana da ƙafa, ba za a sake yi wa wani ɗan Gangara haka ba.

Yana da ƙa'idojinsa, kuma ko maigari bai isa ya sa shi ya tsallake ɗaya ba. Ba ya tashi sai an rufe mamaci a gaban idonsa, ya ga wanda ya yi salla, ya ga waɗanda suka haƙa, ya tambayi mata abin da mutum ya faɗa na ƙarshe. In ya isa garin da aka aike shi, ba ya zuwa wurin mai saƙon kai tsaye. Sai ya nemi mai masaukinsa ko wani dattijo, su shirya. Sai mutum ya ci abinci ya ƙoshi tukuna, don Nomau ya ce wanda ya ji mutuwar uwarsa ba ya sake jin daɗin tuwo sai bayan kwana uku. Sai ya tabbatar mutum yana zaune a ƙasa, ba wuƙa a hannunsa, ba wuta ko rijiya kusa. Sannan ya fara da damina, da lafiyar awaki, da jikin tsohuwa da ya ɗan yi nauyi. Kafin ya kai ƙarshe mutum ya gane da kansa, Nomau hannu kawai yake kama masa. Kuma ba ya baro shi, tare suke dawowa. Ba a biyansa. Guzuri ake ba shi, in kaka ta yi kuma wanda ya tuna ya aiko masa da dami.

Ya je Kano, ya je Agadas, ya taɓa zuwa har Ikko neman wani mai yankan farce. Ni kuwa ban taɓa wuce Maraɗi ba. Aji uku na yi a lakol, mushe, watau malaminmu, ya ce bakina ya fi kaina girma, na bar masa kayansa.

Shekarar da sojoji suka sauke gwamnati suka ce za su riƙe ƙwarya kafin a yi zaɓe, ita ce shekarar da kamfanin salula ya iso mana. Damina ba ta yi kyau ba, rumbuna sun bushe, samari sun watse neman abinci, kowa yana da wani a nesa. Sai ga motoci da dogon ƙarfe. Cikin sati biyu suka kafa shi bayan kasuwa, ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo sau uku, suka kewaye shi da waya suka sa gardi. Maigari da kansa ya zo kallo, gardi ya ce ba a shiga sai da takarda daga Yamai. Maigari ya gyara rawani ya koma. Ƙarfen nan yana da inji mai ba shi wuta dare da rana, alhali a likitar garin da fitilar hannu ake karɓar haihuwa.

Daga nan suka zo da fenti. Suka shafe bangon lakol, da rumfar mahauta, da ɗakin mai injin niƙa, duk kalar kamfani. 'Yan takara suna ta manna hotunansu, iska tana ɓallewa, awaki suna cinyewa, amma fentin kamfani yana nan. In salularka ta cinye maka kati ba wanda za ka kai ƙara. Ba buro, watau ofis, ba mutum. Wata lamba ce za ka kira, wata mata ta yi maka Faransanci ta kashe.

Wani matashi mai farar mota da suke ce wa shef ya tambaya wa ya fi kowa surutu a garin. Duk kasuwa ta nuna ni. Ya ba ni laima, da tebur, da riga da hula, da salula guda, da batir na cajin na mutane. Ranar na shiga gida na ce wa matata Balkisu, "Daga yau ki riƙa durƙusawa in za ki ba ni ruwa. Ni ne kamfani a Gangara." Ta ce, "To kamfani, ba dawa a gidan."

Akwai abin da ake kira ranar bonis. Kamfani ne yake sa ta, ranar da ya ga dama, sai kawai saƙo ya shigo cewa yau daga azahar kira kyauta ne. Gari ya koma yana jiran ranar nan kamar salla. Mai neman aure ya jira ta, mai faɗa da ƙanensa ya adana zaginsa sai ta zo. Na taɓa ganin an ɗaga taron wata jam'iyya saboda ita, don ba wanda zai saurari ɗan takara kowa na rungume da kunnensa.

Ni kuma na samu sabon abin tsokanar Nomau. In ya gitta ta gaban laimata sai in ɗaga salula in ce, "Baba Nomau, ga magajinka. Ba ya cin goro, ba ya ciwon gwiwa." Ya ce, "Ya iya kama hannun mutum?" In ce, "Ana nan ana koya masa." A yi dariya. Amma duk da haka, in rasuwa ce, mutane wurinsa suke zuwa. Wannan kam ba wanda ya yarda ya ba waya.

Inna Basira ta rasu ranar wata Laraba da asuba, bayan an gama girbin wake. Ɗanta ɗaya ne namiji, Hashimu, yana Gidan Rumji yana aikin ɗaure kaya bisa manyan motocin hatsi. Duk Juma'a yakan kira salulata in kai wa tsohuwar su gaisa, don haka ina da lambarsa. Da hantsi aka rufe ta. Nomau ya rataya jakarsa ya biyo ta gabana zai je tasha.

Na ce, "Tsoho, Gidan Rumji fa ba nan ba ce. Sai ka bi Gazawa, ka bi Agye, ka kwana Maraɗi. Ni kuwa da ɗan yatsa ɗaya na isa."

Ya tsaya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Jika, ka yi wasa da komi, ban da wannan. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Da azahar saƙon bonis ya shigo. Majalisa ta cika a ƙarƙashin laimata, Tala mai shayi yana zubawa, Musa tela ya baro kekensa ya zo. Musa ne ya fara. Ya ce, "Yanzu Nomau ko Cadawa bai kai ba. Kai da kake cika baki, kamfani da Nomau wa zai riga isa?" Na ce wannan ai ba tambaya ba ce. Tala ya ce, "Ƙarya kake, tsoron tsohon kake ji."

Wallahi ba niyyata in faɗa ba. Na ce a raina zan kira Hashimu in ce masa yana da baƙo gobe, ya tanadi fura, shi ke nan, a yi dariya a watse. Na buga, na buɗe murya don kowa ya ji. Ya ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwa da ƙarar mota.

"Jika? Lafiya, yau ba Juma'a ba?"

"Lafiya lau. Baƙo gare ka gobe, babban baƙo."

"Wane baƙo?"

Musa ya matso ya ce da ƙarfi, "Mai jaka!"

Hashimu ya jiyo shi. Sannan ya ce, "Jika, ina Inna? Kai mata wayar." Na ce tana ciki. Ya ce, "Kai mata in ji muryarta." Idon mutum goma a kaina, kuma ni ban saba a tambaye ni in rasa amsa ba. Bakina ya riga ni. Na ce, "Hashimu, sai haƙuri. An rufe ta tun hantsi."

Ban tambaye shi inda yake ba. Ashe yana can ƙololuwar lodi, bisa buhunan wake, igiya a hannu ɗaya salula a ɗayan. Muka ji wani abu ya yi tim, sai ihu, sai wata murya ta Bagobiri tana cewa, "Ku tarbe shi! Ya hwaɗo! Ku kawo ruwa!" Daga nan layin ya mutu. Na sake bugawa, matar nan ta yi mini Faransanci. Da na ɗaga kai ba kowa a ƙarƙashin laimar sai Tala, shi ma yana haɗa kofunansa.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi, daga bakin wani direba. Nomau ya isa washegari da hantsi, bai san komi ba. Ya nemi mai masaukin Hashimu, ya gaishe shi a tsanake, ya ja shi gefe ya ce a sa a dama fura mai kyau a kira yaron, akwai magana amma sai ya ci tukuna. Mutumin ya dube shi ya ce, "Baba, ka makara. Tun jiya munka ji." Wasu samari a bakin rumfa suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Wanga shi na salular Gangara? A sake mai batir!" Aka shigar da shi ɗaki ya tarar da Hashimu kwance, maɗori ya ɗaure masa ƙugu da kara.

Kwana goma sha ɗaya Nomau ya yi yana jinyarsa. Hashimu bai samu sadakar uku ba, bai samu ta bakwai ba. A bayan mota aka kawo shi kwance, kuma har yau yana ɗingishi, bai sake hawa lodi ba. Ya zauna a gida yana sayar da goro. In mun haɗu yana amsa sallamata, iyakarta ke nan.

Na shirya wa zagin Nomau. Na ma shirya wa mari, na ce in ya ɗaga hannu zan miƙa kunci. Ranar da ya dawo ya biyo ta gaban laimata ya ce, "Jika, ina wuni, ya kasuwa?" Ya wuce. Ba ɗan nema, ba komi. Ya shiga gida ya rataye jakar a ƙusa. Bayan kwana kaɗan aka yi wata rasuwa, dangi suka je masa, ya ce, "Ku je wurin Jika, ya fi ni sauri." Suka zo kuwa. Na miƙa musu salula na juya baya. Daga wannan sai kowa ya bi, abin da ake jin nauyinsa jiya ya zama ba komi.

Balkisu ta kwana uku ba ta yi mini magana ba. Rana ta huɗu ta ajiye mini tuwo ta ce, "Kai ko kunya ba ka ji, kana jin tarin Nomau ta darni?"

Na sayi goro na shiga. Yana zaune gindin itacen bedi yana tufkar igiya da kaba. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi laifi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun a hanya."

"To ka zage ni mana."

"In zage ka in ce mi? In ba kai ba, da wani ne. Abin ya riga ya shigo gari." Ya ja igiyar da yatsan ƙafa. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Tsohuwar ta bar masa magana. Ta ce a gaya masa ta yafe masa nono, kuma ya daina hawa motocin nan. Na ɗauko ta tun daga nan ina juya ta a baki, ina neman inda zan sa ta. Da na isa, ina zan sa ta?"

Na miƙa masa goron. Ya karɓi goron ya ce in gaida gida.

Aka yi zaɓe, aka sake zagaye na biyu, zafi ya shigo. Sai Tanimu ya rasu, wani tsohon Bafulatani da yake sauka da iyalinsa a gonakin gabas da gari duk rani. Babban ɗansa Habu ya tafi da shanu yamma, can bayan Sae Sabuwa, inda aka ce akwai sauran kara a gonaki. Asta matar Tanimu ta zo wurina da Hausarta ta Fulani ta ce, "Mai laima, ka kira min Habu." Na ce yana da salula? Ta ce ba shi da ita. Na tambayi direbobi, suka ce dajin can ba reso, waya ba ta kamawa ko ka hau itace.

Kunya ce in faɗa, amma daɗi na ji. Na ce ga inda kamfani bai kai ba, ga aikin da sai ƙafa. Na ruga gidan Nomau.

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Baba, ba ni ke roƙo ba, Asta ce. Ba mai iya zuwa sai kai. In ba ka je ba sai dai ya ji a bakin 'yan kasuwar shanu."

"Gwiwata ta mutu."

"Ni zan ɗauki jakar. In ka gaji in goya ka, ai ba ka fi tunkiya nauyi ba."

Ya harare ni, karon farko tun dawowarsa. Ya ce, "Ɗan nema." Na kusa yin kuka don murna.

Ya tsaya aka rufe Tanimu, ya zauna da Asta ya ji abin da tsohon ya bari, yadda za a raba shanu da wadda ba za a sayar ba. Na naɗe laimata na ba Balkisu ajiya. Muka kama hanya. A mota ya dawo Nomau na da. Yana nuna mini gidajen da ya taɓa sauka, yana koya mini yadda ake yi da Fulani, cewa ba a ambatar sunan mamaci, kuma ba za ka ga hawaye ba, sai dai mutum ya tashi ya shiga cikin shanunsa, kai kuma ka bar shi. Daga Maraɗi muka hau kabu-kabu zuwa Sae Sabuwa, daga nan amalanken jaki, daga nan ƙafa. Rairayi yana cin sawu, rana tana dukanmu, tsohon nan yana gaba ina haki a baya.

Rana ta biyu da la'asar muka hau wani tudu. Ni na fara ganinsa, don na san kamarsa. Dogon ƙarfe, sabo fil, yana ƙyalli a tsakiyar gonaki, ba gari kusa da shi sai 'yan bukkoki. Salular da ke aljihuna, wadda ta yi shiru tun safe, ta yi ƙara, saƙon kamfani ya shigo. Na sa hannu na danne ta. Nomau ya ji, bai waiwayo ba.

Muka tarar da shanun a bakin rijiya, wani Bafulatani mai suna Abdurrahaman yana ba su ruwa. Nomau ya yi sallama, ya tambayi lafiyar dabbobi, ya tambayi ciyawa, a hankali ya gangaro kan Habu. Mutumin ya zaro salula daga ƙarƙashin rigarsa, a ɗaure da zare a wuya. Ya ce wata biyu ke nan da aka kafa ƙarfen, ya sayar da akuya ya sayi tasa. Shekaranjiya wani ɗan uwansu ya kira daga kasuwar Gazawa, ya miƙa wa Habu yana tsakiyar jan guga. Habu ya saki igiya da guga cikin rijiya ya kama gudu, sai a hanya ya samu babur. Watau mun yi saɓani da shi tun muna Agye.

Nomau ya zauna a kan kwamin shayar da shanu. Ya tuɓe takalmansa ya zazzage rairayi. Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya ce, "Jika, kai da kake nasu. Mai wannan abu, wane ne? Ya sunansa?"

Na ce ban sani ba.

"A ina yake zaune?"

Na ce wasu sun ce ƙasar Larabawa, wasu sun ce ta Turawa, ni dai shef kawai na sani, shi ma ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa Abdurrahaman in akwai amalanke a nemo mana, shi ba zai iya komawa da ƙafa ba. Aka ɗora shi bisa buhunan ƙaiƙayi, na bi jakin a ƙasa har Sae Sabuwa. Ban tsokane shi ba a hanya.

Daga wannan tafiya Nomau bai sake fita Gangara ba. Gwiwar ta kumbura, ya yi damina guda bai shiga gona ba, ni na nome masa ita tare da tawa. Yana nan da ransa, yana tufkar igiya, in na leƙa ta darni yana amsa gaisuwa. Ni kuma ina nan ƙarƙashin laima, don da ita nake ciyar da gida. Cuta biyu na yi wa Nomau. Ta farko da bakina na yi masa ita yana kan hanya bai sani ba. Ta biyu kuwa har cikin gidansa na je na durƙusa na fito da shi, kuma ita ce har yau ban san yadda zan roƙe shi gafararta ba.